Abin da nake ji a wuyan hannun masu ciwon damuwa

Aikina jinya ne a wani ƙaramin asibiti a Garwa, kuma na'urar ECG ɗinmu, mai zana bugun zuciya a takarda, a hannuna take. Da yawan masu zuwa da kukan "gabana na faɗuwa" takardarsu kan fito lafiya lau. Sai a duba ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da maƙoƙo, nan ma shiru.

Likitanmu ne ya koya mini wani ɗan gwaji. Mutum ya kwanta, ya riƙa jan numfashi a hankali, shida a minti ɗaya, ina riƙe da wuyan hannunsa ko ina kallon takardar na'ura. Ga mai lafiya, bugun kan ɗan ƙaru in ya shaƙi iska, ya ragu in ya fesar. Aikin jijiyar bagus ke nan, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi wuya ta isa zuciya. Ita ce linzami. Ciwon damuwa kan sassauta ta, sinadaran tashin hankali irin su adirenalin su yi rinjaye, sai bugun ya ƙara sauri, tazararsa ta zama kusan iri ɗaya. Tsufa da ciwon suga ma suna yin haka, don haka gwajin ba ya yanke hukunci. Amfaninsa a wurina, yana sa in ajiye alƙalami in yi tambaya.

Mata sun fi sauƙin buɗe ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa ya fi kama mata fiye da maza da kusan kashi 50 cikin 100, kuma dama bugunsu ya ɗan ɗara na maza sauri. Wata dattijuwa mai sayar da ƙosai ta zo da bugu 96 a minti. Bai wuce ƙa'idar 60 zuwa 100 ba, amma ko gezau ba ya yi da numfashi. Na ce, "Inna, yaya barci?" Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Tun rasuwar ɗanta, in ta farka ƙarfe biyun dare sai asuba. Mai jego kuwa ba na gaggawar cewa damuwa ce: in ƙafa ta kumbura ga haki, kai tsaye wurin likita, domin raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa.

Maza sai da dabara. Direban tirela mai bin hanyar Ngaundere ba zai ce maka ransa a ɓace yake ba, sai dai "a auna mini hawan jini". Ka bincika, ga tiramol, ga shayi mai kauri, ga goro, duk masu iya tayar da bugu. Na daina tambayarsu ko suna baƙin ciki. Cewa nake, "Malam, yaushe rabonka da majalisa?" A nan zance ke fitowa.

Maganin ciwon damuwa ma da nasa tasirin a kan bugu. Amitriptyline, wanda aka fi samu da araha, yana ƙara saurin bugu. Citalopram kuma yana tsawaita tazarar QT, lokacin da zuciya ke ɗauka ta sake shiri bayan kowane bugu. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi kada a wuce miligiram 40 a rana. Tazarar nan ta mata dama ta fi ta maza tsawo, don haka mace ta fi kusa da rikicewar bugu. Shi ya sa kafin mace ta fara shansa nake roƙon a bar ni in ɗauki takardarta, bayan 'yan makonni in sake ɗauka mu gwada su.