Abin da matakalar motar gida ta koya min a aikin rewaya

Kusan duk wanda ya kawo mana motar gida yana kukan matakalarta ta daina fitowa, tun kafin ya kashe mota ya riga ya yanke hukunci, wai kwantirola ce, wato ɗan akwatin da ke sarrafa matakalar, ta mutu a sa masa sabuwa kawai. Wani ma ya riga ya sayo ta a intanet tana nan cikin kwali a kujerar gaba. Kuma eh, wani lokacin ita ɗin ce, amma a abin da na gani da idona a garejin da nake aiki a nan jihar Indiana ta Amurka, sau tari an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ga waɗanda ba su saba ganinta ba, motar gida ita ce wadda Amurkawa ke kira RV, ƙatuwar mota ce mai gado da kicin da banɗaki a ciki, mutum ya ɗebi iyalinsa su yi sati biyu ko wata suna yawo suna kwana a ciki. Mafi yawan waɗanda ake ƙerawa a ƙasar nan daga yankin Elkhart suke fitowa, nan cikin Indiana, shi ya sa aikinsu ba ya yankewa a wajenmu. Ni a Kano na koyi rewaya, a kan tasi da bas na buɗe ido, ban taɓa ganin matakala mai fitowa da kanta ba sai da na zo nan. Ƙofar motar tana da tsayi sosai daga ƙasa, to sai aka yi mata matakalar ƙarfe a ƙarƙashi wadda in ka buɗe ƙofa za ta miƙo, in ka rufe ta naɗe ta koma.

Kayan da ke ciki ba su da yawa. Akwai ɗan makunni a jikin firem ɗin ƙofa da mayen ƙarfe a jikin ƙofar kanta, su ne ke sanar da cewa an buɗe ko an rufe. Akwai moto, wanda irin na ɗaga gilashin ƙofar mota ne, da giya da ɗan hannun ƙarfe mai tura matakalar. Sai kwantirola, wani ɗan baƙin akwati da bai kai tafin hannu biyu ba, a ɗaure a ƙarƙashin matakalar inda ruwa da taɓo ke dukansa kullum. Ita ce birenbos ɗin abin. Waɗanda muka fi gani su ne na Kwikee, wanda kamfanin Lippert na Elkhart ya saya a 2014, don haka in ka je neman kaya za ka ga sunayen biyu a kwali ɗaya, kar ya rikita ka.

Abin da ya buɗe min ido, wanda da na gane shi sai komai ya zauna min daidai, shi ne yadda kwantirolar ke sanin matakala ta kai ƙarshe. Ni na ɗauka akwai wani makunni a can ƙarshen da take taɓawa ta tsaya, ashe babu. Wutar da moton ke ja take aunawa. Moto yana juyawa cikin sauƙi wuta kaɗan yake ja, da zarar matakala ta kai maƙura ta tokare sai moton ya fara jan wuta da yawa, ita kuma kwantirola da ta ji haka sai ta yanke wutar. Shi ke nan. To ka ga duk abin da zai sa moton ya ji nauyi a tsakiyar hanya, tsatsa ce a gaɓoɓi, busasshen taɓo ne, ko an taɓa buga matakalar a gefen titi ta ɗan lanƙwashe, kwantirola za ta ɗauka an iso ne ta tsaya nan. Mai mota ya ga matakala ta fito rabi ta tsaya ya ce kwantirola ta haukace, alhali aikin da aka yi ta dominsa take yi, kuma da ba ta yi hakan ba da moton ya ƙone ko haƙoran giya sun zube.

Shi ya sa yanzu kafin in taɓa waya ko ɗaya, nakan cire fin ɗin da ya haɗa hannun ƙarfen da matakala in lilo ta da hannuna. In ta tafi sumul to matsalar tana wajen wuta, in kuwa sai na sa ƙarfi to na san inda zan fara. Amma a cire fiyus tukun don Allah. Ogana na nan, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ranar farko da ya ga na kwanta a ƙarƙashin matakala ƙofa a buɗe, zuwa ya yi ya tsaya ya riƙe ƙofar da hannunsa har na fito, sannan ya nuna min yadda iska kawai za ta iya turo ƙofar ta rufe matakala ta naɗe da yatsun mutum a ciki. Moton ƙarami ne amma da giyar nan ƙarfinsa ba wasa ba.

Sai batun wayoyi. A irin na Kwikee soket ne mai baki huɗu: ja ita ce wuta daga batir ta bi ta fiyus mai lamba 20 ko 25, ruwan ƙasa ta tafi makunnin ƙofa, fara ta tafi makunnin da ke cikin mota wanda ake dannawa in ana so matakala ta zauna a waje, ruwan ɗorawa kuma ta tafi wajen makullin tayar da mota. Sannan ga wata koriya ita kaɗai a gefe, negatif ke nan, wadda ake ɗaurewa da noti a jikin shasi. Wallahi wannan koriyar ta sa an zubar da lafiyayyun kwantirololi da yawa.

Akwai wasu tsofaffi mata da miji da suka kawo tasu, matar tana dogara sanda, suka ce matakala yau ta yi gobe ta ƙi, wani lokacin sai ta yi ƙas ƙas ta yi shiru. An riga an canza musu kwantirola a wani wuri abin bai daina ba. Na sa mita a jar waya ta nuna bolt 12.6, batir cike yake, in da a nan na tsaya sai in ce wuta lafiya lau. Amma mita ba ta jan wuta, ko ta siririn gashin waya ɗaya za ta nuna maka 12.6 ɗin. Sai na ja doguwar waya daga negatif ɗin batir na sa baki ɗaya na mita a kai, ɗayan bakin a kan koriyar wayar, na ce wa yaron da muke aiki tare ya buɗe ƙofa. Moton na yunƙurawa mita ta haura bolt ɗaya da wani abu, abin da bai kamata ya wuce kamar 0.2 ba. Na kwance notin, daga waje fes yake har da baƙin fenti, amma ƙarƙashin kan wayar wani farin gari ne da tsatsa ja kamar an barbaɗa, wayar kuma da na fere robarta ta yi kore har ciki. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke yin wannan ɓarnar a jihohin arewacin Amurka. Na yanke wayar har inda jan ƙarfenta ke sheƙi, na matse sabon kai, na goge shasi da samfefa har farin ƙarfe ya fito, na ɗaure na shafe da giris. Matakala ta dawo kamar sabuwa. Abin da ya dame ni a ranar ba kuɗin da suka kashe a banza ba ne kawai, tunanin matar nan nake ta buɗe ƙofa da daddare ta zuro ƙafa tana zaton matakala na nan.

Wani abu kuma, motocin nan batir kashi biyu gare su, na tayar da inji da na cikin gida, kuma ba kowane kamfani ke ɗauko wutar matakala daga wuri ɗaya ba. Sai ka bi ka gano wanne ne, don mota za ta iya tashi da bugu ɗaya alhali batirin da ke ba matakala wuta ya yi sanyi. Ni kuma ba na gwada kwantirola da cajar batir, cikakken batir nake sawa.

Makunnin ƙofa gwajinsa ba wuya. Ka cire wayar nan ruwan ƙasa ka taɓa ta a jikin shasi, a irin da na fi gani in ka taɓa matakala ta shige in ka ɗage ta fito. In ta amsa maka a haka to kwantirola da moto lafiyarsu ƙalau, ko dai ƙofa ta ɗan sauka mayen ƙarfen ya daina saituwa da makunnin, ko ma ya faɗi gaba ɗaya. Moto kuma ka zare soket ɗinsa mai waya biyu ka ba shi wuta kai tsaye daga batir, ka juya wayoyin ya juya ɗaya ɓangaren, amma ɗan taɓawa kawai kuma a cire hannun ƙarfen tukun, tunda yanzu babu mai yanke masa wuta in ya tokare.

To in wuta tana isa sosai ko a lokacin da moto ke janta, negatif tsaf, makunnin ƙofa na aiki, moto na juyawa gaba da baya, gaɓoɓi ba su cije ba, amma har yanzu kwantirola ba ta tura wuta ko tana turawa ɓangare ɗaya kawai, a nan ne nake cewa ta mutu, kuma a lokacin ina faɗa da ƙwarin gwiwa. A gida Kano da mun fasa ta mun nemi rilen da ya ƙone, wato ɗan makunnin da ke cikinta mai tura wa moto wuta, mun canza, kuma ina alfahari da wannan tarbiyyar don ita ta koya min bin wuta har in gano inda ta tsaya. Amma wannan a toshe take ruf saboda ruwa, in ka fasa ba za ta sake toshuwa kamar da ba, ga ta a inda taya ke watso mata ruwan gishiri. A ganina abin da tsoho zai ɗora nauyinsa a kai bai kamata a yi masa gyaran a lallaɓa ba, sabuwa nake sawa.

Sa sabuwar ma akwai inda ake tuntuɓe. Makunnin ƙofa iri biyu ne, akwai wanda ke haɗa wuta in mayen ƙarfe ya matso, akwai wanda ke rabawa, in ka haɗa sabuwar kwantirola da makunnin da ba nata ba sai matakala ta riƙa fitowa in an rufe ƙofa tana shigewa in an buɗe. Haka makunnin cikin mota, a wasu tsofaffin samfuri sai ka kunna shi matakala ke bin ƙofa, a sababbi kuma kunna shi ne ke tsayar da ita a waje, don haka dole ka zaunar da mai mota ka nuna masa da hannu, in ba haka ba gobe zai dawo ya ce ka ɓata masa. Ka karanta takardar da ke cikin kwalin, ka duba lambar da ke jikin tsohuwar kafin ka yi oda.

Wayar makulli ita ce ba na yarda a yi wasa da ita ko mai mota ya roƙe ni. Aikinta shi ne da an kunna mota kuma ƙofa na rufe, matakala ta naɗe ko da an danna makunnin a bar ta a waje, saboda mutum yana mantawa ya hau babban titi da ƙarfe a miƙe a gefen mota, ya daki wani abu ko wani bawan Allah. Na sha ganin an yanke ta an naɗe da salatif don wai tana damun mai motar. Kafin mota ta bar hannuna sai na gwada gaban mai ita: buɗe ƙofa da rufewa, makunnin ciki a kunne da a kashe, sannan a tayar da inji ƙofa a rufe mu ga ta shige, a kashe inji a buɗe ƙofa mu ga ta fito. In hau kanta da nauyina in ji ba ta lotsawa. Daga nan in nuna masa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, in ce duk wata ya wanke taɓon ya fesa musu man da aka yi don su, in kuma ya bi titin da aka zuba gishiri ya wanke ƙarƙashin da ruwa kafin ya ajiye motar.