Zazen: a fara gyara zama kafin a zargi zuciya

Wanda ya fara zazen, wato zaman shiru na mabiya Zen, wani reshe na addinin Buddha, a Japan, yakan ɗauka zuciyarsa ce ta ƙi natsuwa. Galibi laifin na zaman ne. Ƙugu ya yi ƙasa da gwiwoyi, baya ya ranƙwafa, numfashi ya maƙale a ƙirji, sai tunani ya shiga kai-kawo. Dogen, wanda ya kafa reshen Soto na Zen a Japan bayan dawowarsa daga Sin a 1227, da ya tashi rubuta ƙa'idojin zama, jiki ya bi gaɓa-gaɓa: ƙafa, hannu, harshe, ido.

Kayan aikin biyu ne. Akwai zafu, matashi mai kewaye, faɗinsa wajen santimita 35, tudunsa 15 zuwa 20. Yawanci audugar rimi ake cusa masa, irin dai wadda ake cusa wa matashin kai a kasuwanninmu, don ba ta saurin lotsewa. Sai zabuton, 'yar katifa mai kusurwa huɗu da ake shimfiɗawa a ƙasa saboda gwiwoyi da idon sawu. A bakin zafu ake zama, kashi ɗaya cikin uku na gabansa, ba a tsakiya ba. Haka ƙugu zai ɗan karkata gaba, gwiwoyi biyu su dafa ƙasa, nauyin jiki ya rabu uku kamar tukunya a kan murhu. In gwiwa ɗaya ta ƙi sauka, a ƙara tudun matashin ko a cusa mata tsumma a ƙasa. Kada a danna ta da hannu.

Maganar harɗe ƙafa ce ta fi jawo rauni. Cikakkiyar harɗewa ita ce a ɗora ƙafar dama kan cinyar hagu, ta hagu kan ta dama. Juyawar daga ƙugu ya kamata ta fito. In ƙugu ya yi tauri aka matsa, gwiwa ce ke ɗaukar murɗewar, ita kuwa ba a halicce ta don juyawa gefe ba, guringuntsinta na iya yagewa. Sabon shiga ya ɗora ƙafa ɗaya kawai, ko ya ajiye duka biyun a ƙasa ɗaya gaban ɗaya, ko ma ya hau kujera ba tare da jingina ba. Babu abin kunya a nan. Tsamin cinya a jure shi, amma suka mai kaifi a cikin gwiwa, a warware nan take.

Tafin hannun dama na ƙasa yana kallon sama, na hagu a kansa, manyan yatsu biyu su taɓa juna kaɗan, daidai ƙasan cibiya. Waɗannan yatsun ba sa rufa wa mutum asiri. In gyangyaɗi ya zo sai su zube, in tunani ya yi zafi sai su danne juna su yi tsini. Kunnuwa su daidaita da kafaɗu, hanci da cibiya, harshe a manne da ganɗa, baki a rufe. Ido ba a rufe shi. A sauke kallo ƙasa, kamar mita ɗaya a gaba. Rufe ido gayyatar barci ne da mafarkin ido biyu. 'Yan Soto bango suke fuskanta, 'yan Rinzai kuwa, wani reshen Zen, tsakiyar ɗaki.

Kafin a tsaya cak, a yi rangaji dama da hagu, daga babba zuwa ƙarami, har jiki ya sami tsakiyarsa. Sai ƙirga numfashi: kowace fitar iska lamba ɗaya, daga 1 zuwa 10, a koma farko. Wanda ya tsinci kansa a 17, ko ya manta inda yake, ya dawo 1 kawai, ba tsaki ba faɗa da kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan numfashi da gangan don ya yi tsawo, abin da ke kawo jiri da ƙuncin ƙirji. A bar shi yadda ya zo.

A gidajen Soto zama ɗaya kan kai minti 40. Bugun ƙararrawa uku ke buɗe shi, biyu ke sanar da kinhin, tafiyar sannu ta minti biyar zuwa goma, rabin taku a kowane numfashi, don jini ya koma ƙafa. A wasu wurare wani kan zaga da kyosaku, sanda mai faɗi, ya bugi tsokar kafaɗar wanda barci ya kama, sau da yawa shi mai zaman ne ke roƙa. Mai karatu ya kuma sani cewa a can ibadar addinin Buddha ce, da rusunawa da karatuttukanta, ba motsa jiki kawai ba.

A gida minti goma ya isa a makon farko, a riƙa ƙara biyar-biyar. Kada a zauna da cikakken ciki. In an gama kuma kada a zabura a miƙe: ƙafar da ta yi sanyi ba ta jin ƙasa, ana iya gurɗewa. A warware ta da hannu, a murza, a jira tsikarin ya wuce tukuna.