Ganin Damagaram da ɗan guzuri

Mai son ganin Zinder ba tare da aljihu ya yi kuka ba, ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Zafin Afrilu kuɗin ruwan sanyi kaɗai zai cinye masa guzuri.

A fara da Birni, tsohuwar unguwar garin, tun da sassafe, a ƙafa. Lungunan ƙanana ne, kabu-kabu zai wuce da kai ba ka ga zanen da ke jikin gidajen ƙasa ba, kuma zanen nan shi ne abin kallon. A ƙofar fadar Sarkin Damagaram a gaida dogarai, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a ajiye ɗan na goro. Garin nan fa shi ne babban birnin Nijar har 1926.

Unguwar Zango sai da la'asar. Kasuwar Dole kuwa ranar Alhamis take cika, nan ake samun kayan fata da araha.

Inda baƙi ke faɗawa shi ne lissafi: dala sefa 5 ce, jaka 1000. In an ce maka dala ashirin, 100 ake nufi. A yi ciniki kafin a hau babur, a riƙe canji.

Masauki kuma, kafin ka biya, tambayi ko famfo na kawo ruwa.