Dashbod ɗin akori-kurar Baba

Akori-kurar marigayi Baba Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna. Ta shekara da shekaru tana ɗauko tumatir da barkono daga ƙauyukan Giwa zuwa kasuwar Sabon Gari. Rana ta ci dashbod ɗinta, ya tsattsage kamar fadama da rani. Na samo wani dashbod a wurin masu tsofaffin kayan mota, ranar Asabar muka duƙufa ni da bakanikenmu a Tudun Wada.

Kan batir ya fara cirewa, kada wayoyi su haɗu wuta ta tashi. Sai sitiyari, sai allon mita. Nan wahalar take: wayar mitar gudu a bayan allon take maƙale, sai ka zura hannu ka kwance ta da lalube. Kowace waya na naɗa mata salatif, na rubuta inda ta fito. Wannan kam ban yarda a dogara da tuni ba.

Da tsohon dashbod ɗin ya fito, ƙurar hunturu ta zubo, tare da ƙwayoyin carbin Baba guda uku. Na tsince su, na yi shiru.

"Malam, miƙo mini sufana goma," in ji bakanike. Sai bayan La'asar muka mayar da batir, fitilun mita suka kama.