Bidiyon da ya raba ni da shagonmu na Samaru

Ƙarshen watan nan zan miƙa makulli, bayan shekara huɗu a gaban kwamfutar da muke tura wa mutane fina-finai da wa'azi, muke kuma buga wa ɗalibai furojet. Waɗanda suka san shagon sun ji labarin daga bakin Maigida. Ga nawa ɓangaren.

Wata Laraba wani ya zo da filashi, ya ce in tura masa bidiyon biki cikin waya. Na buɗe in ga ko yana yi. Manhajar kallon ta daskare, ta rufe kanta. Na sake buɗewa, ta sake mutuwa, har sau uku. Na ce masa bidiyon ya lalace, ya karɓi abinsa ya tafi. Kwana biyu tsakani, duk takardun da ke cikin kwamfutar suka ƙi buɗuwa. Mai gyaran da aka kira daga Sabon Gari ya bi sawu har zuwa wannan bidiyon. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta zauna a bakin shago tana kuka, saura mako guda ta kare aikinta gaban malamai.

Kuskurena shi ne na ɗauka bidiyo abin kallo ne kawai. Ashe kowane fayil na bidiyo yana ɗauke da bayanin girman abin da ke cikinsa, da wannan bayanin manhaja take ware masa wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Mugu sai ya sa fayil ɗin ya yi ƙarya: ya ce tiya ɗaya ce, ya juye buhu. Abin da ya malala sai ya faɗa inda manhajar take karɓar umarni, a ciki kuwa aka cusa umarnin ɓarawo. Mutuwar da ta yi sau uku a gabana gargaɗi ne, ni kuma na yi ta danna mata.

Abin ba sabo ba ne. A 2015 Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bankaɗo ɓarakar Stagefright a wayoyin Android, inda saƙon MMS mai ɗauke da bidiyo ya isa a shiga waya tun mai ita bai taɓa saƙon ba. An ƙiyasta wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa. A 2017 kamfanin tsaron kwamfuta na Check Point ya nuna ko rubutun fassarar da ke fita a ƙasan allo ana iya dasa masa sharri a manhajojin kallon bidiyo irin su VLC da Kodi. A 2019 WhatsApp ma ta toshe irin wannan kafa a fayilolin bidiyo na MP4. Dukkansu ta hanyar sabunta manhaja aka toshe su.

Nan ne abin yake ci mini rai. Ba sau ɗaya ba na ce, "Maigida, a sa mana data mu sabunta manhajojin nan, sun tsufa." Amsarsa kullum ita ce, "Kai yaro, abin da yake aiki ba a taɓa shi." Ranar da ta ɓaci kuwa, a gaban ɗalibai ya nuna ni ya ce ni ya bar wa amana, ya kuma cire kuɗin gyara daga albashina. Laifi tudu ne. Na ɗauki nawa, shi har yau bai waiwayi nasa ba.

Wanda zai gaje ni, kada ka buɗe filashin baƙo a kwamfutar da aikin mutane yake ciki. Ka riƙa ajiye kwafi a wani wuri daban. In ka nemi a gyara wani abu, ka nema a rubuce.

Ɗalibar nan tana da tsohon kwafin da malaminta ya yi wa gyara da jan biro. Dare huɗu na yi ina sake buga shi bayan an tashi daga shago, ban karɓi ko sisinta ba. Ta kare aikinta a ranar da aka sa mata.