Ranar da karen maƙwabcinmu ya ciji ɗiyata

Shekararta shida a lokacin. Tana dawowa daga Islamiyya da la'asar, a lungunmu da ke Sabuwar Unguwa cikin Katsina, karen maƙwabcinmu ya fito ta ƙofar gareji da aka bari a buɗe ya cafke ta a ƙwauri. Ina shago aka kira ni. Kafin in iso, mahaifiyarta ta zaunar da ita a tsakar gida tana wanke wurin da sabulu, buta na bin buta. Daga baya likita ya ce abin da ake so ke nan, a yi ta wankewa har minti 15. Wata tsohuwa ta ce a ƙona gashin karen a shafa a ciwon, na ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, asibiti za mu."

Tsorona ciwon haukan kare ne, domin idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin 100. A daren aka yi mata allurar farko da ta tetanus, aka rubuta mana ranakun komawa: kwana na 3, na 7, na 14 da na 28. Samarin unguwa sun fito da sanduna za su kashe karen, wani likitan dabbobi ya hana. Ya ce a ɗaure shi kwana 10 ana lura da shi, in ya mutu a kai kansa gwaji Vom, kusa da Jos. Karen ya wuce kwanakin lafiya lau, amma da yake ba shi da katin rigakafi, likitanmu ya ce a ƙarasa alluran.

Alhaji, mai karen, ya zo dubiya washegari. Ya jajanta, ya ce ƙaddara ce, ya ajiye kuɗin da ko allura ɗaya ba za su saya ba. Ƙaninsa ya ƙara da cewa ai hadisi ya ce ɓarnar dabba ba ta da ramuwa. Maganar ta tsaya mini a rai, don hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, ni kuwa ba na son in ci haƙƙin kowa da sunan neman na ɗiyata. Sai na tafi wajen malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Ya ce hadisin yana magana ne a kan dabbar da ta yi ɓarna ba tare da sakacin mai ita ba. Ya buɗe Muhtasar na Halil, babin jini da raunuka, ya nuna mini inda aka ambaci wanda ya ajiye kare mai cizo bayan an riga an gargaɗe shi. Wannan, in ji malam, lamuni, wato biyan ɓarnar, yana kansa. Sannan ya tambaye ni, "An taɓa yi masa magana a kan karen nan?"

An taɓa. Watanni kafin nan karen ya yaga rigar wani almajiri, mai unguwa ya kira Alhaji gaban limaminmu da wani dattijo ya ce a riƙa ɗaure shi da rana. Duk shari'ar tamu a kan wannan ɗan zama ta rataya. Abin da ya ba ni mamaki, lauyan da na nemi shawararsa kusan haka ya faɗa: a dokar da muka gada daga Ingila ma, idan aka tabbatar mai kare ya san karensa na kai wa mutane farmaki, ba shi da mafita. Ya ce yarinya ba ta shigar da ƙara da kanta, ni zan tsaya mata. Ya kuma raba mini abin da ake nema gida biyu. Akwai kuɗin da aka kashe, wanda sai da takarda ake yarda da shi, akwai kuma na raɗaɗi da tabo, wanda alƙali ke ƙiyastawa. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ƙiyasi hukuma, a raunin da shari'a ba ta yanke masa adadi ba.

A nan na yi asara. Kwana biyun farko hankalina ba ya jikina, magunguna da bandejin da na saya a kemis ban karɓi rasit ko ɗaya ba, kuɗin Keke Napep ma ban rubuta ba. Duk waɗannan sun tafi. Abin da ya tsaya mini shi ne rasit ɗin alluran, rahoton likita, takardar ƙorafin da na kai ofishin 'yan sanda, da hotunan ciwon da mahaifiyarta ta riƙa ɗauka a waya kowace safiya.

Zaman farko a ƙofar mai unguwa bai yi ba. Alhaji ya so a rufe maganar a satin, ni kuma na ce, "Ranka ya daɗe, saura allura biyu, ciwon ma bai kame ba, yaya zan yafe abin da ban san iyakarsa ba?" Mutane sun yi ta zuwa suna tuna mini haƙƙin maƙwabtaka. Na san nauyinsa, shekara goma sha muna sahu ɗaya da mutumin nan. Amma ɗiyata ma maƙwabciyarsa ce, haka yaran da ke bin lungun safe da yamma. Bayan allurar ƙarshe na shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci.

Ranar da aka zauna, mai unguwa da liman suka ba da shaidar gargaɗin. Alhaji bai musa ba, kuma ina ganin girmansa a kan haka. Alƙali ya ce mu koma mu yi sulhu mu kawo masa a rubuce. Muka yarda zai biya duk abin da ke da rasit, da wani adadi na tabon, kashi uku cikin wata uku. Na roƙi a ƙara sharaɗi biyu, waɗanda a wurina sun fi kuɗin: a gina wa karen keji a cikin gida, a kuma riƙa yi masa rigakafi duk shekara ana nuna wa mai unguwa katin.

Kuɗin tabon na sa mata a asusu da sunanta, domin nata ne. Muna gaisawa da Alhaji, ya ma zo sunan ƙaninta. Ita kuwa har yanzu ta bayan masallaci take zagayawa zuwa Islamiyya, ko da yake hanyar ta fi nisa, kuma ban taɓa matsa mata ta bi ta lungun ba.