Mariƙin Batir: Mako Shida Ina Auna Shi Kafin In Yanke Shawara

'Yan uwa masu koyon ɗaukar hoto, barkanmu da ƙoƙari. Wata na takwas ke nan da na fara riƙe kyamara marar madubi, kuma makonni shidan da suka wuce tambaya ɗaya ce ta cinye su: in sayi mariƙin batir ko in haƙura? Ina nufin wannan abin da ake ɗaurawa a gindin kyamara, mai ɗaukar batir biyu a cikinsa, da maɓallin ɗauka na biyu a kusurwa. Ga yadda abin ya gudana, ko akwai wanda yake tsaye inda na tsaya.

Wasan ƙwallon yara ne mafarin zancen. Na je in koyi bin abu mai gudu, tun kafin a take leda kyamara tana kunne a idona. Ana saura minti goma a tashi sai alamar batir ta yi ja, ta ƙifta sau biyu, allo ya yi baƙi. Ƙwallon da ta raba gardama a gabana aka ci ta, yaron ya rugo ta wajena hannu a buɗe, ni kuwa ina riƙe da kyamarar da ba ta numfashi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. A daren na ƙudurta sayen mariƙi, amma da gari ya waye zuciya ta sauka, na ce bari in fara sanin ina cajin yake tafiya.

Abin da na fara fahimta shi ne dalilin da ya sa kyamarorinmu suke shan batir haka. A kyamarar DSLR, wato mai madubi, idan ka kanga ido a tagar leƙe, hasken waje ne madubi yake turo maka, ba a kashe wuta a kai, sensa, wato ɓangaren da ke kama haske ya mayar da shi hoto, tana barci har sai ka danna. A marar madubi kuwa, muddin tana kunne, sensa tana aiki, injin sarrafa hoto yana aiki, ƙaramin allon da ke cikin tagar leƙe ma yana ci. Ko ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba, caji yana zuba. Alƙaluman ƙungiyar CIPA ta Japan, wadda kamfanoni suke bin ma'auninta, sun nuna tazarar. Nikon D750, wadda DSLR ce, an auna mata hoto 1230 a caji ɗaya. Sony A7 II ta 2014, marar madubi, da ƙaramin batirinta NP-FW50 mai 1020 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka), 350 aka ba ta. Da aka fito da A7 III a 2018 da batir NP-FZ100 mai 2280 mAh, sai adadin ya hau zuwa 710 idan da allon baya ake aiki, 610 idan da tagar leƙe. Ku lura da wannan na ƙarshen, don ni ya ba ni mamaki: ɗan allon da ke cikin tagar ya fi babban allon baya shan wuta.

Makonni biyun farko ban sayi komai ba, ɗan littafi kawai na saka a jaka. Duk fita ina rubuta lokacin da na kunna, lokacin da batir ya ƙare, da yawan hotunan da na dawo da su. Nan take abin ya fito fili. Ranar da na yi ta ɗauka a jere, na haura hoto dubu batir bai ƙare ba. Ranar da na zauna bakin ruwa ina jiran tsuntsu ya sauka, ido a taga kusan awa uku, ban cika hoto ɗari biyu ba ya mutu. Ashe tsawon lokacin da kyamara take kunne shi ne ma'auni, yawan dannawa ba ya cin wani abin kirki. Daga nan na gyara ɗabi'u: na kashe haɗinta da waya sai ina buƙata, na hana ta nuna hoto bayan kowace ɗauka, na sa ta yi barci bayan minti ɗaya, na kuma koya wa yatsana ya kashe ta duk lokacin da na sauke ta daga ido. Wannan kaɗai ya ƙara mini lokaci sosai, ba tare da na ƙara komai a jikinta ba.

Sai na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Batir biyu dai batir biyu ne, ko suna cikin mariƙi ko ɗaya yana aljihu. A yawancin mariƙan kyamarori marasa madubi na Sony da Canon da Nikon, ana cire batirin kyamara da murfinsa, wuyan mariƙin ya shiga ramin, batir biyu su zauna a ƙasa. Jimilla biyu ke nan, ba uku ba. Fujifilm ce ta bi wata hanya a X-T3 da X-T4, inda na cikin kyamara yake zama a wurinsa, mariƙi ya ƙara biyu, su zama uku. Ke nan a ɓangaren caji, abin da mariƙi yake sayar maka shi ne daƙiƙa goman da za ka ɓata wajen buɗe murfi ka sauya. Ga wanda yake ɗaukar doguwar hira a bidiyo, ko wanda ya kafa kyamara ta yi ta ɗaukar sararin sama har asuba, daƙiƙa goman nan suna da tsada, shi ya sa Nikon ta yi MB-N11 na Z6 II da Z7 II yadda za a iya zare batir ɗaya kyamara tana ci gaba da aiki. Amma ko a nan, kyamarori da yawa na yanzu suna karɓar wuta ta USB-C suna aiki, sai ka rataya fawa bank a jikin ƙafa uku, wato mazaunin da ake kafa kyamara a kai, ka huta. A ranar wasan ƙwallon nan, da akwai batir na biyu a aljihuna, da na sauya lokacin hutun rabin lokaci, magana ta ƙare.

Da a nan na tsaya, da na ce muku kada ku saya. Sai wani abokin koyonmu mai irin kyamarata ya ara mini nasa na mako biyu, kuma nan ne abin ya rikice mini.

Ɗaurawar ba wuya. Ka zame ɗan ƙarfen da ke riƙe murfin batir ka cire shi, akwai ɗan gurbi a jikin mariƙin da ake ajiye murfin don kada ya ɓata. Ka tura wuyan cikin ramin, ka murza gargaren da ke gaba har dunƙulen ya kama ramin da ake ɗaura ƙafa uku. Da na ɗaga ta, abu na farko da na ji ba nauyi ba ne, ƙaramin yatsana ne ya sami wurin zama. Wata takwas yana lanƙwashe a ƙarƙashin kyamara, har na saba ban san yana wahala ba. Kyamarori marasa madubi gajeru ne, mai babban hannu yatsu uku kawai yake riƙewa da su. Da mariƙin, tafin hannuna gaba ɗaya ya kama, na daina matse ta da ƙarfi, kuma hannun da ba ya matsewa ba ya rawa sosai.

Amma ranar da na san amfaninsa na gaske ita ce ranar da muka yi atisayen ɗaukar hoton mutum, kusan awa uku, kusan duka a tsaye. Kun san yadda muke yi idan za mu juya kyamara: hannun dama ya hau sama, gwiwar hannu ta buɗe kamar fiffike, wuyan hannu ya karye a kan maɓalli. Minti biyar ba komai. Bayan awa ɗaya kafaɗa ta fara zafi, hoto ya fara karkacewa, sai ka dawo kwamfuta kana daidaita layi kana yanke gefe. Da mariƙin, na juya kyamara hannuna yana nan inda yake, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, maɓallin ɗauka a ƙarƙashin manuniya, gargaren sauya saiti biyu a inda yatsu suka saba samunsu, har da ɗan maɓallin da ake turawa a kai fokas kan ido. Na ga bambancin a hotunan da kansu. Layukan bango sun miƙe, kuma na iya rage saurin ɗauka a inuwa ba tare da hoto ya yi dishi-dishi ba. Wani abin da ban zata ba shi ne na fi samun natsuwar yin magana da wanda nake ɗauka, don hannuna bai rufe mini rabin fuska ba, yana ganina ina ganinsa. Na dawo gida ba ciwon kafaɗa. A ranar, da an ce in biya in riƙe, da na biya.

Na kuma gwada shi da dogon gilashin kyamara (lens) na aro, irin 70-200 mai f/2.8, wanda da yawansu suna kai kilo ɗaya da rabi. A kan ƙaramar kyamara tsirara, irin wannan gilashin yana rinjayar ta gaba, wuyan hannu ne yake biyan bashin. Mariƙi da batir biyu suna jawo nauyin baya, abin ya daidaita a hannu. Nauyi ya ƙaru, amma riƙon ya fi sauƙi.

To sai sauran kwanakin. Ranar yawo a titi da ƙaramin gilashi, mariƙin ya zame mini kaya. Ku duba misali: A7 III da batirinta gram 650 ce, ka ƙara mariƙi da batir na biyu ta kusa kilo ɗaya kafin a ɗaura gilashi. Ƙanƙantar da ta sa da yawanmu muka zaɓi marar madubi ta tafi ke nan. Ba ta shiga ƙaramar jakata sai na kwantar da ita, madauri yana cin wuya, mutane kuma suna lura da ita tun daga nesa, fuskoki su canja. Sau biyu na bar ta a gida don ƙyuyar ɗauka, kuma wannan ya fi komai damuna, domin a matakin da nake, yawan fita shi ne karatun. A kan ƙafa uku ma ban ji daɗinsa ba: kyamara ta yi tsawo, an ƙara gaɓa ɗaya tsakaninta da mazauninta, in gargaren ya ɗan saki sai ta riƙa motsi. Sau ɗaya ma ta ɗauke wuta gaba ɗaya, da na duba ashe dunƙulen ne ya kwance. Masu gimbal, na'urar da ke hana kyamara girgiza lokacin ɗaukar bidiyo, su ma su sani, tsawon yana wahalar da daidaitawa. Akwai kuma ɗan makulli a jikin maɓalli na biyu, ku riƙa rufe shi idan kuna ɗauka a kwance, in ba haka ba gindin tafin hannu zai yi ta dannawa ba ku sani ba.

Wanda ya ga zai saya, ya bincika abubuwa kaɗan tukuna. Ba kowane mariƙi ne yake da maɓallin ɗauka ba: MB-N10 da aka yi wa Z6 da Z7 na farko gidan batir ne kawai, ba maɓallin ɗauka, wato babu abin da ni na fi so a jikinsa. Ba kowace kyamara ce ake yi wa ba: Fujifilm X-T5 ba ta da mariƙin batir daga kamfaninta. Kowane mariƙi kuma da kyamarorin da ya dace da su, kamar BG-R10 na Canon R5 da R6, ranar da ka sauya kyamara wataƙila ya zama ajiya. Yawanci ba ya zuwa da batir, sai ka saya daban. Na wasu kamfanoni masu sauƙi suna nan, sai dai a duba ko suna da kariyar ƙura da yayyafi, da ko suna nuna ragowar cajin kowane batir daidai. A wasu kyamarorin mariƙi yana ƙara saurin ɗauka a jere, Fujifilm X-T2 tana tashi daga hoto 8 zuwa 11 a daƙiƙa, Nikon D850 daga 7 zuwa 9 idan an saka mata babban batir EN-EL18, amma kada ka ɗauka taka ma haka take sai ka gani a littafinta.

Bayan na mayar wa abokina kayansa, mako biyun ƙarshe na koma kan hotunana. Na buɗe duk abin da na ɗauka cikin wata uku, na ware na tsaye daga na kwance. Kusan ɗaya cikin biyar ne na tsaye, kuma yawancinsu daga rana biyu kacal suka fito. Gilashin da nake fita da shi kullum bai kai rabin kilo ba. Dogon bidiyo ba na yi. Da na jera waɗannan a gabana, amsar ba ta ɓuya ba: a yanzu ba zan saya ba.

Abin da na saya shi ne batir biyu, da caja mai gurbi biyu, da wani siririn faranti da ake ɗaurawa a gindin kyamara, wanda ya ƙara mata tsawon da ƙaramin yatsana zai zauna kuma bai toshe murfin batir ba. Na rubuta 1, 2, 3 a jikin batiran don in riƙa juya su, cikakke a aljihun dama, wanda ya ƙare a na hagu, kowanne da murfinsa don kada bakinsa ya haɗu da makulli ko tsabar ƙarfe. Lokacin sanyi ina ajiye su a aljihun ciki kusa da jiki, don sanyi yana rage musu ƙarfi. Mai tafiya a jirgin sama ya tuna, batiran da ba sa cikin na'ura a jakar hannu ake saka su, ba a kayan da ake aunawa ba.

Na rubuta wa kaina sharaɗi biyu a bayan littafin: ranar da na mallaki dogon gilashi nawa, ko ranar da hotunan tsaye suka kai rabin abin da nake ɗauka, zan dawo kan maganar, kuma mai cikakkun maɓallai zan nema. Wata mai zuwa hoton mutum zan sa a gaba, sau biyu a mako, don haka ƙirgar za ta iya canjawa da wuri. Ranar Asabar kuma akwai wani wasan yaran, zan je da batir uku, in sauya na farko lokacin hutun rabin lokaci ko da bai ƙare ba.